Loup-garou na kotu da loup-garou na fim

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutumin nan da muke gani a finafinan Turawa, wanda da zarar wata ya cika sai gashi ya tsiro masa ya rikiɗe ya zama kyarkeci, shi ne dai wanda Faransawan zamanin da suka yi imani da shi. Sunan ɗaya ne, loup-garou, ana furta shi lu-garu. Amma tsakaninsu akwai tazara irin wadda ke tsakanin kurar tatsuniya da kurar da ta shiga garken mutum da daddare.

Mu fara da yadda mutum yake zama hakan, domin a nan bambancin ya fi girma. A fim, cizo ne. Mutumin kirki yana tafiyarsa, dabba ta yage masa kafaɗa, shi ke nan ya kamu, ba da son ransa ba. Fim ɗin Werewolf of London na 1935 da The Wolf Man na 1941 ne suka kafa wannan, kuma duka biyun a Amurka aka yi su. A takardun kotunan da kuwa, mutum ne yake kai kansa. A 1521 aka gurfanar da Pierre Burgot da Michel Verdun a yankin Poligny, suka ce sun ƙulla alkawari da Shaiɗan, akwai wani mai da suke shafawa a jiki su rikiɗe. Aka ƙona su. Gilles Garnier, wani talaka da ya ware kansa yana zaune a bayan gari kusa da garin Dole, ya amsa cewa shi ya kashe yara ya ci namansu, aka ƙona shi da ransa a Janairun 1574. Wato a wurin alƙalan nan wannan shari'ar maita ce, ba ciwo ba. Kada kuma ka manta, a shari'un maita na lokacin azabtarwa hanya ce da doka ta yarda da ita, don haka “ya amsa da bakinsa” ba ta da nauyin da muke ba ta yau. Wani abin ban sha'awa, Dole da Poligny ba ma a hannun sarkin Faransa suke ba a lokacin. Yankinsu na Franche-Comté sai a 1678 ya zama na Faransa.

Su kansu masanan zamanin ba bakinsu ɗaya ba. Jean Bodin, a littafinsa na 1580, ya dage cewa jikin mutum yana sauyawa da gaske. Henri Boguet, alƙalin Saint-Claude, ya ce a'a, rufa ido ne kawai irin na Shaiɗan. Wannan bai hana shi aika mutane cikin wuta ba.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Jean Grenier a 1603. Yaro ne makiyayi, shekarunsa ba su wuce goma sha huɗu ba. Shi da kansa ya riƙa cika baki a gaban 'yan mata masu kiwo cewa wani da ya kira Ubangidan Daji ya ba shi fatar kyarkeci, kuma naman yara ya fi masa na kare daɗi. Maganar ta kai kotun Bordeaux. Alƙalai suka dubi ƙuruciyarsa da ƙarancin hankalinsa, suka ƙi kashe shi, suka tsare shi a gidan 'yan zuhudu iya rayuwarsa. A 1610 alƙali Pierre de Lancre ya je ya gan shi, ya tarar da saurayi ramamme, idanu sun faɗa ciki, farata sun yi tsawo sun yi baƙi. Babu gashi, babu wutsiya. Shekara biyar kafin shari'ar Grenier ma, an yanke wa wani mabaraci Jacques Roulet hukuncin kisa a Angers, babbar kotun Paris ta sauya shi zuwa shekara biyu a gidan masu taɓin hankali. Ka dubi waɗanda ake kamawa: makiyayi, mabaraci, mazaunin bayan gari. Duk wanda ya taso a inda ake nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce, ko a ce wane yana rikiɗa kura da dare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A fim kuwa, sau da yawa ɗan babban gida ne ko masani, sanye da kwat.

Batun cikar wata ba shi da tsawo. Ana ɗan ambatonsa can da can a tsofaffin rubuce-rubuce, amma bai zama doka ba. Ko a fim ɗin 1941 ba a ɗaure rikiɗar da cikar wata sosai ba, sai a wanda ya biyo bayansa a 1943.

Azurfa, wadda a fim da ita ake kashe loup-garou, ita ce ke ruɗa mutane, saboda labarin Dabbar Gévaudan. Wannan ya faru da gaske. Daga Yunin 1764, lokacin da aka kashe wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Jeanne Boulet, har zuwa 1767, wata dabba ta hallaka mutum kusan 100 a tsaunukan kudancin Faransa, yawancinsu mata da yara masu kiwo. Bishop na Mende ya ce azaba ce daga Allah saboda zunuban jama'a. Sarki Louis na 15 ya ji kunya, domin jaridun Turai sun ɗauki labarin suna yayatawa, sai ya tura maharbinsa François Antoine. A Satumbar 1765 ya harbe wani ƙaton kyarkeci, aka kai gawar fada, aka ce magana ta ƙare. Bayan 'yan watanni kisa ya dawo. Sai ranar 19 ga Yuni 1767 wani mutumin yankin, Jean Chastel, ya harbe wata dabbar, daga nan aka samu lafiya. Zancen cewa da harsashin azurfa ya harbe ta, masu ba da labari ne suka ƙara daga baya. Kuma ba a taɓa gurfanar da kowa a kotu a kan shi ne yake rikiɗa ba. Fim ɗin Le Pacte des loups na 2001 ma wata hanya ya bi, ya mai da ita dabbar da aka kawo daga Afirka aka horar.

Akwai inda zan ba fim gaskiyarsa. Tausayin da yake sa ka ji wa mai rikiɗa ba baƙon abu ba ne a Faransa, ya ma girmi kotunan. A ƙarni na 12 Marie de France ta rubuta waƙar Bisclavret, labarin wani basarake da ke zama kyarkeci kwana uku a kowane mako, kuma ba ya komawa mutum sai ya mai da tufafinsa. Matarsa ta lallaɓe shi ya faɗi inda yake ɓoye su, ta sa aka sace, ta auri wani. Shi ne mai amana a labarin, ita ce maciyiyar amana, kuma da ya gan ta sai ya cizge mata hanci.

Faransawan da suka tsallaka teku sun tafi da nasu salon. A Quebec ta ƙasar Kanada ana cewa wanda ya shekara bakwai bai sauke farillar Ista a coci ba shi ne yake zama loup-garou, kuma maganinsa a ɗan ji masa rauni jini ya fito, ba a kashe shi ba. A Louisiana ta Amurka sunan ya koma rougarou.

Idan ka ce in nuna maka abin zamani da ya fi kama da na kotun, ba fim zan nuna maka ba, wasan kati ne. Les Loups-garous de Thiercelieux ya fito a 2001, kuma har yau matasan Faransa suna buga shi a zaman hira, Netflix ma ta yi fim a kansa a 2024. Ana raba kati a asirce, kowa ya rufe ido a ce dare ya yi, masu katin kyarkeci su nuna wanda za su cinye. Da gari ya waye sai 'yan ƙauye su hau musu, kowa na zargin na kusa da shi, a kaɗa ƙuri'a a kashe mutum ɗaya. Sai an juya katinsa a ga ashe ɗan ƙauye ne kamar kowa, a sake rufe ido.