Kamfanin da ya samo mini malaman aikin asibiti a Amurka: ya sayar mini da awanni, koyarwa kuma sai sa'a

Duk nas ɗin da ta shiga digiri na biyu a Amurka don samun lasisin duba masu lalurar ƙwaƙwalwa da rubuta musu magani, awannin asibiti ne ke hana ta barci. Hukumar ANCC, mai ba nas-nas takardar shaidar ƙwarewa, ba ta barin mutum ya zauna jarrabawarta sai ya kawo aƙalla awa 500 na aiki da marasa lafiya ƙarƙashin kulawa, kuma tun da aka fitar da sabon ma'auni a 2022 makarantu da dama sun ɗaga zuwa 750. Makarantata ta intanet ce. Ta karɓi kuɗin karatu cif, sannan ta ce kowa ya je ya nemo wanda zai koya masa.

Ina aikin dare a ɗakin masu taɓin hankali a Bronx da ke birnin New York, amma ko hakan bai fishe ni ba. Likitocinmu suna da nasu ɗaliban, makaranta kuma ba ta yarda a yi awanni a ɗakin da ake ɗaukar albashi. Da zango ya ƙarato babu kowa a hannu, na biya ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu haɗa ɗalibi da malami. Lissafinsu a kan awa ne, kuma zango guda ya lashe mini sama da dala dubu biyu.

A harkar takardu ba ni da ta cewa. Yarjejeniyar da ake ƙullawa tsakanin makaranta da asibiti, wadda kan ci watanni, su suka bi ta har aka sa hannu. Sun tantance lasisin malamar, sun tuna mini da gwajin tarin fuka da allurar mura da binciken 'yan sanda. Matar da ke amsa waya ma tana da fara'a, musamman kafin kuɗi ya shiga.

Malamata ta farko wata dattijuwa ce a ƙaramin asibitin unguwa, inda yawancin masu zuwa talakawa ne da ke kan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Mako guda na yi ina kallo, daga nan ta sakar mini sababbin marasa lafiya. In shiga in yi hira ta awa guda, in fito in ba ta bayani a tsaye a bakin ƙofa, ta tare ni da tambayarta ta kullum: "Me kika gani kafin ya buɗe baki?" Tana nufin sutura, tafiya, haɗa ido, rawar hannu. Dokarta kuma ba a rubuta wa mai ciwon damuwa sertraline sai an tambaye shi ko ya taɓa yin kwanaki ba barci alhali yana jin ƙarfi kamar ya tashi sama, domin maganin na iya tunzura wanda ciwonsa mai hawa da sauka ne.

Ranar da na tabbata kuɗina bai tafi a banza ba, wani dattijo Bahaushen Gana ne ya zo, ya daɗe yana shan lithium, maganin ciwon mai hawa da sauka. Da ya ji na gaishe shi da Hausa sai ya gyara zama, ya rage murya ya ce, "'Yata, bana fa zan yi azumi." Na ce, "To Baba, bari mu faɗa wa malama." Ta ƙoda lithium ke fita daga jiki, ƙishirwa kuwa na sa ya taru a jini. Ana son awonsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2, in ya haura 1.5 sai rawar jiki da gudawa da tangaɗi. Na zaci za ta ce a'a kai tsaye. Sai ta jawo takarda ta ce in gaya mata ƙarfe nawa ake sahur, ƙarfe nawa ake shan ruwa. Ta mayar masa da maganin dare, ta sa a ɗebi jini awa 12 bayan sha, kafin azumi da kuma cikin makon farko, ta hana shi ibuprofen, ta lissafa masa alamun da in ya gani ya karya azumin ya kira mu. Ta kuma ce ya tattauna da limaminsu kan rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya. Ban ga wannan darasi a littafinmu ba.

Zango na biyu na yara da matasa ne, kuma a nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Malamin ta bidiyo yake ganin marasa lafiya, minti 15 kowa, akasari sabunta maganin yara masu rashin natsuwa. Ni kyamarata a rufe, makirfo a rufe, ina zaune a falona kamar mai kallon talabijin. Ban yi wa yaro ko ɗaya tambaya ba. Wata rana ya fara wa wata matashiya maganin damuwa fluoxetine, na tura masa saƙo ina son mu yi magana kan gargaɗin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta liƙa wa irin waɗannan magunguna game da tunanin kashe kai ga 'yan ƙasa da shekara 25. Amsarsa layi ɗaya ce: in duba littafi. Ranar Juma'a kuwa sa hannunsa a kan awannina ba ya makara.

Na kai ƙara kamfanin. Suka nuna mini inda yarjejeniya ta ce alhakinsu samar da awanni ne, in ina son canji in sake biya, in kuma jira sabuwar yarjejeniya da makaranta, wato zangon ya tafi ke nan. Halin dillalin gida: da ya karɓi la'ada, yoyon rufi ba nasa ba ne. Haushina ma ya fi yawa a kan makarantar, tunda hukumar CCNE da ke tantance makarantun jinya a wuyan makaranta ta rataya samar da wuraren aikin asibiti.

Tauraro uku cikin biyar na ba su, biyu daga ciki albarkacin dattijuwar nan. Wadda lokaci ya ƙure mata ta biya, amma ta nemi magana da malamin ta waya kafin ta sa katinta, ta tambaye shi a mako na nawa za ta fara duba mara lafiya da kanta, da ko yana karanta bayanan da ɗalibi ya rubuta. Ta kuma sa a rubuta mata sharaɗin canjin malami kyauta a makonni biyu na farko. In suka fara kame-kame, akwai wasu kamfanonin.