Sharhi kan CMake wajen gyara manhajar tantance masu shiga

Kusan wata biyu ke nan ina amfani da CMake, manhajar da ke tsara yadda za a harhaɗa kod, a kan wata ƙaramar manhajar tantance masu shiga da aka rubuta da harshen C bisa tsarin PAM (hanyar da tsarin aiki ke bi wajen tantance masu shiga), wadda take harhaɗuwa lafiya lau a Linux amma ta tubure a FreeBSD da macOS. Dalilin a fili yake, domin waɗannan biyun OpenPAM, wani nau'in PAM daban da na Linux, suke amfani da shi, kuma fayil ɗin pam_ext.h da muke dogara da shi don samun pam_syslog (umarnin rubuta saƙo a kundin bayanan tsarin aiki) na Linux-PAM ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda CMake ya sauya mini tambayar da nake yi. Da can ina cika kod da layukan sharaɗi na #ifdef masu tambayar sunan tsarin aiki, yanzu kuwa check_include_file da check_symbol_exists suna gwada ko abin da ake nema yana nan, sannan configure_file ya rubuta amsar a fayil guda.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin goge kalmar sirri daga ƙwaƙwalwar na'ura. Mun saba da umarnin gogewa na explicit_bzero, wanda ya shiga glibc, babbar taskar kod ɗin C ta Linux, a sigar 2.25 ta shekarar 2017, amma macOS ba shi da shi. Na so in maye gurbinsa da memset, umarnin gama-gari na cike wuri a ƙwaƙwalwa, in huta, kuma da kuskuren ya ɓace nan take, sai dai manhajar harhaɗawa tana iya cire wannan layin idan ta ga ba za a sake karanta wurin ba, kalmar sirrin ta ci gaba da zama a ajiye. CMake ya nuna mini cewa memset_s, wanda manhajar harhaɗawa ba ta cirewa, yana nan a macOS, amma zaɓar wanda ya dace aikina ne, ba nasa ba.

CMake yana da nasa tarnaƙin. Yana adana sakamakon gwaji a CMakeCache.txt, saboda haka sai an goge fayil ɗin ko sakamakon da ke cikinsa kafin ya sake dubawa, kuma gwajin crypt (umarnin ɓoye kalmar sirri) a Linux galibi ba zai yi nasara ba sai an ambaci taskarsa ta libcrypt a CMAKE_REQUIRED_LIBRARIES. Rubutun umarninsa ma sai an saba. Duk da haka, ga mai kula da kod ɗin tantancewa a tsari fiye da ɗaya, na ga ya biya wahalar koyonsa.