Kamu ko dina, in taro ɗaya kawai aljihu zai ɗauka

Amaryarmu mai tambaya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Kin ce bikinki saura wata uku, a Kano za a yi, kun zauna da Mama an buga lissafi an ga bayan ɗaurin aure da walima taro ɗaya kacal za a iya ƙarawa, shi ne kike son jin wanne ya fi tsakanin kamu da dina, kuma wace shiga za ki yi. Ni dai kamu na zaɓa miki, amma bari in jera miki su ki gani da idonki, kar ki ce Anti ta yi son kai.

Mu fara da kuɗi tunda shi ya kawo maganar. Dina ba ta yiwuwa sai da hol, kuma wallahi kuɗin hol ɗin shi ne mai sauƙi a ciki, da kin kama shi sauran za su biyo layi, masu dekoreshan, MC, DJ, masu abinci da za su lissafa miki a kan kowane faranti, masu tsaron ƙofa da za su duba kati, kek, mai hoto da mai bidiyo, sannan ki tambaya da kyau ko man janareta na cikin kuɗin hol ko daban za ki biya, don tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 duk abin da ya shafi janareta ko jigilar kaya ya tashi, kuma wasu ba sa faɗa sai ana saura kwana biyu. Abin haushin, babu wanda za ki iya cirewa a cikinsu, dina babu MC babu kiɗa ai zaman makoki ne.

Shi kamu yana miƙewa yana takurewa daidai ƙarfin mutum. Tsakar gida mai faɗi ta isa, in naku ƙarami ne a ari na wani Kawu, a kafa kanofi biyu, a yi hayar kujerun roba, a shimfiɗa darduma. Abinci kuma gwaggonni da maƙwabta sun iya, waina da miyar taushe, sinasir, dambun shinkafa, zoɓo da kunun aya masu sanyi, a zuba a roba kowa ta tafi da nata. Sai dai ki kula da wani tarko, yanzu akwai kamun da ake yi a hol da DJ da MC da fitilu da injin hayaƙi, wannan dina ce aka ɗaura mata ɗankwali, kuɗinsu ɗaya. In irin wannan kike nufi to babu abin da kika rage.

Sai maganar su wa za su zo, kuma nan ne ni na fi ba wa nauyi. Dina da kati ake shiga, kujerun hol a ƙirge suke, ke kuma danginki ba a ƙirge suke ba. Duk wadda ba ta samu kati ba ta riƙe ki a rai, wadda ta samu kuma ta zo da ƙannenta uku a tsaya ana rigima a bakin ƙofa. Tsofaffi kuwa ba sa zuwa, wace Hajiya Kaka ce za ta fita ƙarfe tara na dare ta zauna kusa da sifika? Kamu kuwa nasu ne. An lulluɓe ki da mayafi kina zaune, ƙawaye sun kewaye ki sun kasa sun tsare, sai ga dangin ango sun shigo, ƙanwar babansa a gaba da kwalbar turare a hannu, a fara ciniki, su ce ga abin da suka zo da shi, babbar ƙawa ta ce albarka, amaryarmu ta fi haka, a yi ta ja ana dariya har a sallama, sannan a ɗaga mayafin a fesa miki turare, wasu gidajen madara ake sawa, sai guɗa ta tashi ta ko'ina. A wannan lokacin za ki ga Mama ta juya tana share ido da bakin gyale. Kuɗin kamun ma na ƙawayenki ne, su ɗan rage zafin abin da suka kashe.

Amma in faɗi gaskiya, dina ma tana da abin da kamu ba shi da shi. Ita ce taron da ango da abokansa ke jin nasu ne, abokan aikinsa, 'yan ajinku na jami'a maza da mata, kuma wannan shigowar da ake yi ke da shi hannu cikin hannu ana haska ku, ita yawancin amare ke so ba wani abu ba. A kamu ango baƙo ne, in ma ya zo ya ɗan shigo da abokai biyu uku a yi hoto ya fita, wasu gidajen ko hakan ba a yi. To amma kafin ki ba kowa kuɗin kafin alƙalami, ki sa Mama ta ji ta bakin Baba, don iyaye maza da yawa a garin nan ba sa yarda da dina saboda cakuɗuwar maza da mata, kuma masu hol ba kasafai suke mayar da kuɗi cikakke ba in an fasa.

Yanzu shiga. Kayan dina kusan fuska ɗaya ce, doguwar riga mai jela, leshi mai duwatsu ko yadi mai sheƙi, a ɗame ciki, a kafa ashoke a ka, kuma ba kowane tela ne ya iya ta ba, wanda ya iya ɗin kuɗin ɗinkinsa kan kai na yadin ko ya fi. Tana kyau a hoto, ban musa ba, amma zama a cikinta wahala, cin abinci wahala, kuma bayan daren nan ina za ki sa ta? Ba ki zuwa suna da jela. A akwati za ta ƙare, in kin yi sa'a wata ƙanwa ta ara. In dai dinar za a yi to gara ki yi hayar rigar, akwai masu bayarwa, a ɗan rage miki ita daidai jikinki.

A kamu kina da zaɓi har sai kin rasa na ɗauka. Akwai shigar Fulani, farin saƙi mai ado da zare kala-kala, a jera tsakiya a wuya da goshi, a riƙe ƙwarya, wannan ta fi kyau in da gaske akwai Fulani a dangi don tsofaffi za su gyara miki ita yadda take. Akwai laffaya irin ta mutanen Barno, ita ce mafi rufin asiri a ganina, ba ta buƙatar wani dogon ɗinki, tana rufe jiki, tana tafiya da turaren wuta da humra, kuma za ki yi shekaru kina sawa, sai dai ki nemi wadda ta iya naɗawa kuma ki gwada tafiya da ita a gida kafin ranar. Akwai kuma riga da zani na atamfa mai kyau da babban mayafi, wanda mutane ke rainawa alhali in ɗinkin ya zauna, aka yi lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, babu abin da ya kai shi. 'Yan gidan sarauta su ɗora alkyabba. Duk cikinsu lalle ne ke fito da kwalliyar, don haka kar ki yi rowa wajen mai lalle, kuma a gwada baƙin a ɗan wuri tukuna, wasu fatarsu ba ta ɗaukarsa.

Wajen saye, Kantin Kwari dai, amma ki tafi da wadda ta san kaya. Holan ta gaskiya kamfanin Vlisco ke yin ta a ƙasar Holan, shaddar Getzner da za a yi wa ango kuma daga Ostiriya take zuwa, dukkansu an cika kasuwa da jabunsu, har tambarin ake kwaikwaya. In kuɗin ta gaskiya bai kai ba ki sayi mai matsakaicin kuɗi da sunanta, ya fi a sayar miki da jabu a kuɗin asali.

Anko kuma don Allah ki tausaya wa ƙawaye. Na dina leshi ne yadi biyar da ashoke da ɗinki da kwalliya, wata sai ta ci bashi. Na kamu atamfa yadi shida ta wadatar, ko ma ki ce kala kawai, kowa ta zo da abin da take da shi. Misali ke ki sa ruwan goro ko ruwan zuma, su su sa ruwan ƙasa ko ruwan madara, a hoto ke za a fara gani. Kar ki yarda kalarki ta zo ɗaya da tasu.

Ƙawata wuri: na dina furannin roba ne da labule da fitilu, duk haya, da an tashi a kwashe. Na kamu ki shiga Kasuwar Kurmi ki samo tabarmi masu launi, faya-fayai, ƙore da ludayi, tumtum na fata biyu, a rataya faya-fayan a bango bayan inda za ki zauna, a ajiye kaskon turaren wuta gefe da gefe. In an gama ki tafi da abinki ɗakinki.

Inda hol ya yi wa gida fintinkau shi ne yanayi. Ba ki faɗi watan ba, in bikin ya faɗo cikin damina musamman Agusta, hadari ɗaya ya isa ya tarwatsa kamun tsakar gida, in kuma Afrilu ne zafi zai narkar da kwalliyar kafin a gama ciniki. Lokacin sanyi ne kamun waje ya fi daɗi. Sannan lokacinsa gajere ne, daga la'asar zuwa magariba, in mai kwalliya ta makara shi ke nan an yi kamu a duhu, ki sa ta zo tun kafin azahar. Amfaninsa hasken yamma na fitar da hoto ba sai an kunna komai ba. Dina kuwa a rubuta bakwai a kati amarya ta shigo tara da rabi, a tashi sha ɗaya saura, ga neman abin hawa ga 'yanmata a hanya cikin dare.

Masu ce miki ai dina na mayar da kuɗinta ta liƙi, kar ki sa wannan a lissafi ko kaɗan. Abin da ake tarawa ba ya kai yadda ido ke gani, MC da DJ su ɗauki nasu, ga kuma doka, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana liƙa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla N50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta kai mutane kotu a kan haka har aka ɗaure wasu. Ko wanne kika zaɓa, a ajiye ƙwarya ko kwando a gabanki mai niyya ya saka a ciki.

In ɓangaren ango ne suka nace sai an yi dina, kuma suka ce su za su ɗauki nauyinta, Baba kuma ya amince, to bismilla ki bar musu, ke ki yi ɗan kamunki a gida da kuɗin da ke hannunku, ba sai kin zaɓa ba ke nan. Kayan ɗinki dai ki kai wa tela cikin satin nan, ki ce masa bikin saura wata biyu ne, kuma ki je gwaji da takalmin da za ki sa ranar.