Gargaɗi: Naira 65,000 na biya a kan alaimen ɗin da ba a yi ba

Jama'a masu bin hanyar Kano zuwa Haɗeja ta Ringim, ku buɗe ido. Akwai wani gareji a bakin titi mai allo an rubuta alaimen na kwamfuta, wato daidaita ƙafafun mota su miƙe a layi ɗaya. Ba zan kama suna ba tukuna, maganar tana gaban mai gari. Naira 65,000 na ba mai garejin, dubu ashirin da biyar kuɗin alaimen, dubu arba'in kuɗin kan tayarod guda biyu da ya ce ya canza, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Wallahi ko noti ɗaya bai kwance a ƙarƙashin motar nan ba.

Motar Honda Accord ce ta 2008, taya 225/50 R17, sababbi huɗu, kowace 68,000, jimilla 272,000. Na duba lambobi huɗun nan na gefen taya masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ba tsofaffin ajiya ba ne. Don haka kada wani ya ce mini laifin taya ne. Yau mako biyar da ɗaura su, gefen ciki na tayoyin gaba ya sauko daga milimita 8 zuwa kusan 3, gefen waje kuwa fes kamar jiya aka ɗaura. In ka shafa hannu daga ciki zuwa waje sai ka ji sumul, in ka dawo da hannun sai ka ji kaifi kamar haƙoran zarto. Wannan cin ba na rashin iska ba ne. Rashin iska gefe biyu yake ci, iska mai yawa ta ci tsakiya. Cin gefen ciki mai kaifi irin wannan na taya ne da bakinta ya buɗe waje, ana jan ta a kaikaice. Digiri ɗaya kacal ta karkace, a kowace kilomita kamar ka ja ta a kwance ne mita 17 a kan kwalta. Ga faɗin taya, ga zafin titinmu da rana.

Kuma ba a makance na shiga wurin ba. Na ga na'ura, na ga talabijin ɗinta a kunne, na ga maƙalai huɗu da ake ɗaura wa rim rataye a bango, janareta na ta ruri. Na tambaye shi da wace ƙafa zai fara, ya ce ta baya, daga ita ake ɗaukar layi. Amsar daidai ce. Wanda ya san wannan ai ka ce ya san aiki. Sai aka kira la'asar, ya ce, "Alhaji je ka yi sallah ka sha ruwa, kafin ka dawo an gama, ai amana ce." Na miƙa masa makulli. Da hannuna na miƙa. Minti ashirin da biyar na yi, ko talatin, ban fi haka ba.

A nan ya kamata in farga. Alaimen na gaskiya, kafin na'ura ta taɓa mota, sai an gwada iskar taya huɗu da geji a daidaita ta da abin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba. Sai a ɗaga gaba da jak, a kama taya dama da hagu a girgiza, in da wasa tayarod ne. A kama sama da ƙasa a girgiza, in da wasa bol-joyin ne, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kai. A duba bushin, wato robobin gaɓoɓin ƙafar. Matuƙar akwai wasa, duk lambar da kwamfuta ta nuna ta banza ce, ramin farko zai watsar da ita. Bayan nan a hau da tayoyin gaba kan farantan nan masu juyawa, a ɗaura maƙalai a rim huɗu, a tura motar baya kaɗan a dawo da ita don na'urar ta cire murɗewar rim, a danne birki, a ɗaure sitiyari a miƙe. Sannan a shiga ƙasa a saki notin kulle, a murza tayarod na dama da na hagu, kowane har lambarsa ta koma kore. Ka haɗa da canza kan tayarod biyu masu tsatsa, ka ce duk a minti ashirin da biyar? Yaro ɗaya ne fa da shi.

Takardar ma. Ya ba ni takarda, lambobi duk kore, ya ninke samanta, na jefa a aljihun mota. Sai shekaranjiya na warware. Toyota Camry aka rubuta a sama, kwanan watan na bara. Hoton takarda ɗaya yake bugawa yana raba wa kowa, haka nake zargi, domin wani direban Sharon na garinmu ya ce shi ma an ba shi takarda a ninke. Zan ɗora hotonta, da na alat ɗin 65,000 ɗin, da na tayar, in na samu sabis mai kyau.

Na tsallake wani abu. Dalilin zuwana tun farko, sitiyarin ya karkace hagu bayan na faɗa rami, tun kafin in sa tayoyin. Da na dawo daga masallaci na tarar da shi a miƙe ɗoɗar, na zagaya da motar, ba ta ja gefe, na ce madalla. Ashe sitiyarin ya zare daga sandarsa ya matsar da shi haƙori ɗaya ya mayar. Shi ke nan aikin 65,000. Yadda aka gane, bakaniken da ya duba ta a Kano ya ce in juya daga tsakiya zuwa ƙarshen hagu in ƙirga, in dawo in juya zuwa ƙarshen dama. Ba su zo ɗaya ba. Kuma wannan wasa ne da rai, domin a bayan sitiyarin akwai naɗaɗɗiyar wayar jakar iska da ta hon, in aka gusar da ita daga tsakiyarta tana iya tsinkewa. Rashin jan gefe kuwa ba hujja ba ce. In bakin tayoyin biyu ya buɗe daidai wa daida, mota za ta tafi a miƙe tana cinye su a ɓoye.

Da aka shiga ramin gareji a ƙarƙashin motar aka haska, notin kulle na tayarod da tsatsarsa da jar ƙasarsa, babu ko tabon sifana. Kan tayarod ɗin tsofaffina ne, an wanke da fetur an shafa giris, na dama har ƙwas-ƙwas yake yi. Aka ja tef daga layin taya zuwa layin 'yar'uwarta ta gaba, aka ja ta baya, gaba ya fi da milimita 9. Motar da ya kamata bambancin ya tsaya dab da sifili.

Da na koma wurin mai alaimen ɗin, cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai hanyarku ce ba kyau." Na ce ina tsofaffin kayan da ka cire? Wai yaro ya sayar wa 'yan gwangwan. Ranar ma na tambaya, ko washegari ne da na kira shi, ya ce in bari zai ajiye mini. Ai amana ce, in ji shi. Kalmar nan ita ke hana ni barci, ba 136,000 na taya biyun da zan sake saya ba, ba ma 65,000 ɗin ba.

Wasu na cewa da balansin na yi. Balansin daban ne, dalma ce ake liƙa wa rim don hana sitiyari rawa in an kai gudun 100, ba ruwansa da cin gefe.

Kada ka bar motarka, in lokacin sallah ne tafi da makullinka. Ka sa alli a notin tayarod kafin a fara, ka karɓi tsohon kaya a hannu kafin ka biya, ka warware takarda ka ga sunan motarka da kwanan ranar. Bayan mako guda ka durƙusa ka shafa gefen ciki. Gobe da safe za mu zauna wurin mai gari, da tayar zan je.