Don Quixote a fassarar Edith Grossman: ta ishi mai karatu, ɗalibi kuwa sai ya ƙara

Duk mai son sanin tarihin adabin Sifen alhali bai jin Sifaniyanci, dole ya bi ta kan Don Quixote na Cervantes, kuma ɗaya daga cikin fassarorin Turanci da ake miƙa wa ɗalibai ita ce ta Edith Grossman, wadda kamfanin Ecco ya buga a 2003. Littafi ne mai kauri, shafi fiye da 900, ya haɗa kashi na farko (1605, babi 52) da na biyu (1615, babi 74). Babi biyu a rana, wata biyu da 'yan kwanaki an sauke.

Turancinta na zamani ne, ba ya sa mutum buɗe ƙamus kowane layi. Amma ta bar wa Don Quixote tsohon salon magana a wuraren da yake kwaikwayon jaruman littattafan da suka juya masa kai, shi ya sa mai karatu ke jin bambancin bakinsa da na Sancho, baransa mai rakiyarsa. Bayanan ƙarin haske suna ƙasan shafi, gajeru, ba sai an yi ta juyawa zuwa ƙarshen littafi ba. Wannan kaɗai ya sa ta fi fassarar John Ormsby ta 1885 sauƙin aiki, duk da cewa waccan kyauta ce a intanet.

Ga ɗalibin tarihi, amfanin littafin yana cikin wasu babuka da ya kamata a bi da fensir a hannu. A babi na 6 na kashin farko, limamin coci da wanzami suna tantance ɗakin karatun Don Quixote, wasu littattafai wuta, wasu a ajiye. An yafe wa Amadís de Gaula, an yabi Tirant lo Blanc, har La Galatea ta Cervantes kansa (1585) ta shiga awo. Rubuta sunayen nan duka, ka samu jerin abin da mutanen Sifen ke karantawa a ƙarni na 16. Babi na 22 yana ambaton Lazarillo de Tormes (1554), tushen labaran 'yan damfara masu ba da tarihin kansu. Babi na 47 da 48 kuwa muhawara ce a kan ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, inda ake yi wa salon Lope de Vega, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na zamanin, habaici.

Babi na 9 na kashin farko zai ja hankalin Bahaushe. Mai ba da labari ya ce a kasuwar Toledo ya tsinci ragowar labarin da haruffan Larabci, rubutun wani Cide Hamete Benengeli, ya ba wani Morisco ladan zabibi da alkama ya fassara masa. Moriscos ɗin nan jikokin Musulmin Andalus ne da aka tilasta wa shiga Kiristanci, wasunsu suna rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci kamar yadda ake ajami a nan. An kore su daga Sifen tsakanin 1609 da 1614, wato tsakanin kashi na farko da na biyu, kuma labarin Ricote, wani Morisco maƙwabcin Sancho, a babi na 54 na kashi na biyu daga wannan korar ya fito.

A irin wuraren nan ne bugun ya gaza. Bayanan ƙasan shafi suna faɗin ko wane ne wane, amma ba sa shimfiɗa zamanin. Gabatarwar da Harold Bloom, masanin adabi ɗan Amurka, ya yi wa littafin ta fi karkata ga gwada Cervantes da Shakespeare, ba ta ɗora ɗalibi kan hanyar adabin Sifen ba. A bar ta sai an gama littafin. Akwai kuma asarar da Turanci ne ya jawo ta: Sifaniyancin lokacin yana da matakan girmamawa wajen kiran mutum waɗanda Turancin yau ba shi da su, shi ya sa canjin yadda ubangida ke kiran Sancho in ya fusata yakan ɓace a fassara. Karin maganar Sancho ma da yawa sun fito a fili, ma'ana ta zo, karin sauti ya tafi.

Mai rubuta jarrabawa ko kundin bincike ya haɗa ta da The Cambridge History of Spanish Literature (2004), wanda David T. Gies ya tace, domin samun tsarin zamunna. In kuma barkwancin Sancho ake nazari, a ajiye fassarar John Rutherford ta Penguin (2000) a gefe, a riƙa gwada babi da babi, don shi ya fi sakin jiki da raha.