Makaron da hannu huɗu: hanyar Faransa ko ta Italiya?

'Yar uwa, kin ce ke da ƙawarki kuna son ku gwada makaron, kukis ɗin nan na garin almon da ake manna biyu-biyu da kirim a tsakiya, kuma kin tarar da hanyoyi biyu, ta Faransa da ta Italiya, kin rasa wadda za ku kama. In kuna da ma'aunin zafi na girki, ku kama ta Italiya. In babu, ku tsaya a ta Faransa, kada ku yi kirdado da dafaffen sukari.

Manyan kayan haɗin ba su bambanta ba: garin almon, garin sukari mai laushi, farin ƙwai da sukari mai tsaba. Inda aka rabu shi ne wurin tayar da kumfar ƙwan. A hanyar Faransa farin ƙwai ɗanye ake bugawa, ana barbaɗa sukari kaɗan-kaɗan, har kumfar ta tsaya cak a bakin mabugi ba ta langwaɓe ba, sannan a zuba garin da aka tankaɗe. Ba wuta, ba tukunya, wanke-wanke kaɗan. Shi ya sa take ruɗar sabon shiga, ya ɗauka ita ce mai sauƙi.

Wahalarta tana wurin juya kwaɓin. Kumfar ɗanyen ƙwai ba ta da juriya, duk zagayen da cokalin roba ya yi iska ce ke fita. Abin da ake nema shi ne in an ɗaga cokali kwaɓin ya zubo a hankali kamar ƙyalle bai tsinke ba, ya kwanta a kan sauran, ya ɓace cikin kusan daƙiƙa 30. Tsakanin "bai kai ba" da "ya wuce" juyi kaɗan ne ƙwarai. In bai kai ba, kukis ɗin su fito da tsini a ka. In ya wuce, su baje a tire, su ƙi tashi. A nan ne ƙawa ke zama matsala: kina juyawa, tana leƙe, ta ce "kawo in ɗan taya ki". Ita ba ta ji nauyin kwaɓin tun farko ba, hannunta bai san inda aka kwana ba, kafin ki ce wani abu kwaɓin ya tsinke. Don haka a wannan hanyar, wadda ta fara juyi ita za ta ƙarasa. Ɗayar ta yi tankaɗe, ta shimfiɗa takardar gashi, ta kame bakinta.

Ta Italiya kuwa aiki ne da dama yake neman mutum biyu. Ana raba farin ƙwan gida biyu. Rabi a kwaɓa shi da garin almon da garin sukari ya yi kauri. Ɗayan rabin a zuba a kwanon miksa. Sukari mai tsaba kuma a ɗora shi a wuta da ruwa kaɗan. Idan ma'auni ya doshi digiri 112 na Selsiyas sai a kunna miksa, da ya kai 118 a sauke, a tsiyaya shi siriri ta gefen kwano miksa tana aiki. Abubuwa biyu ne dole su haɗu a minti guda, kuma mutum ɗaya idonsa ba ya rabuwa. Ke kina kan tukunya kina kiran lamba, ita tana kan miksa tana duba kumfa. Zafin sukarin yana ɗan dafa ƙwan, sai kumfar ta yi sheƙi, ta yi ƙarfi, ta jure juyi idan aka zo haɗa ta da kwaɓin almon ɗin. Ko an ɗan zarce ba ta rushewa nan take, kuma saman kukis ɗin ya fi fitowa sumul. Pierre Hermé na Paris, wanda sunansa ya fita da makaron, da wannan hanyar yake yi. Sunan Italiya na kumfar ne kawai.

Tana da nata cikas. Dafaffen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata, don haka kada a zuba shi a kan mabugi yana juyawa, fantsama zai yi. Sannan ba ta son ɗan ƙaramin awo, domin sukari kaɗan a gindin tukunya ba ya rufe bakin ma'auni. Awon da zai ishe ku: garin almon giram 150, garin sukari 150, farin ƙwai 55 sau biyu, sukari mai tsaba 150, ruwa kusan 38. A baki na fi jin zaƙinta, ɓawonta kuma ya fi ɗan tauri. Ta Faransa ta fi narkewa a harshe, in ta yi kyau ke nan.

Sauran ƙa'idojin duk ɗaya ne. Sikeli za ku yi amfani da shi, ba kofi ba. Ɗigon gwaiduwa ko maiƙo a kwano ya isa ya hana kumfa tashi. In za ku sa kala, ku nemi ta gari ko mai kauri, ta ruwa tana tsinka kwaɓi. Bayan kun matsa kukis ɗin a tire, ku buga tiren a kan tebur iska ta fita, ku bar su minti 30 zuwa awa ɗaya har samansu ya daina kama yatsa. Wannan busasshen saman ne ke hana tururi fasa su, sai ya ɗaga su ta ƙasa, ƙafar nan mai ƙurji-ƙurji da ke zagaye gindin makaron ta fito. Ranar ruwan sama bushewar kan ja lokaci, ku haƙura da ita. Gashi kuma a digiri 150, minti 12 zuwa 15, tire ɗaya a lokaci guda, domin na farko shi zai nuna muku halin oben ɗinku.

Ki kuma faɗa wa ƙawar taki tun yanzu cewa ba a ranar za ta ci ba. Bayan an sa kirim an manna, sai sun yi awa 24 a firij cikin mazubi mai murfi, danshin kirim ya ratsa su cikin ya yi laushi. A fito da su kamar rabin awa kafin a ci.