Injin girgiza ko gashin ƙashi: yadda ake kula da ciwon gwiwa a Turai

'Yan uwa, bayan gaisuwa. Saƙonnin da ke iso mana kan ciwon gwiwar iyaye kusan duk roƙo ɗaya ne: a aiko da injin nan da ake hawa yana girgiza jiki. Kafin a zuba kuɗi, ga abin da ake yi a nan Turai.

A Ingila, hukumar NICE mai tsara wa asibitocin gwamnati ƙa'idojin magani ta sabunta jagorarta kan amosanin gaɓɓai a 2022. Wanda ya kai shekara 45, gwiwa na masa ciwo in ya motsa, kuma sandarewar safe ba ta wuce minti 30, ba dole a ɗauki hoton ƙashinsa ba. Atisaye da rage ƙiba ake sa wa gaba, sai maganin shafawa irin diclofenac. Ƙwayar glucosamine da ake yayi kuwa, cewa aka yi kada a rubuta ta. Gashin ƙashi kyauta ne, amma layin sai mai haƙuri. Wanda ya dace yakan shiga shirin ESCAPE-pain, zama 12 cikin mako 6, ana koyarwa ana atisaye a rukuni. Denmak na da irinsa, GLA:D, tun 2013. A Jamus likita ke rubuta takardar gashin ƙashi, yawanci ta zama 6, kowanne kimanin minti 20, majinyaci ya biya kashi 10 cikin 100 da yuro 10 na takardar. Can an fi samun ƙwararre ya kama gwiwar da hannunsa, amma a ganinmu tsarin rukuni ya fi koya wa mutum ci gaba da kansa.

Injin kuwa iri biyu ne. Galileo na Jamus yana karkata dama da hagu kamar sikeli, Power Plate kuma sama da ƙasa yake bugawa. Girgizar na sa tsokar cinya ɗamewa da saki da sauri, daga nan take ƙara ƙarfi. Guringuntsin da ya zaizaye dai ba ya dawowa, kuma ɗan amfanin da ake gani ya fi fitowa in an haɗa da atisaye.

Ana hawa ne da gwiwa a ɗan lanƙwashe, kamar digiri 30, hannu a kan mariƙi. A mai buga sama da ƙasa, girgiza 30 zuwa 35 a sakan ta isa. Sakan 30 zuwa 60 ake yi, a huta, a maimaita, kwana 3 a mako, tsawon mako 8 zuwa 12. In aka miƙe gwiwa sambal, girgizar za ta bi ƙashin baya ta kai ga kai, sai jiri da ciwon kai. A mai karkatawa kuma, buɗe ƙafafu ke ƙara tsanani, don haka a fara da su kusa da juna.

Injina masu arahar da suka cika intanet lamba kawai suke nunawa, 1 zuwa 99, ba su faɗin yawan girgizar a sakan, kuma wasu kan sare in mai jiki ya hau. A duba iyakar nauyin da aka rubuta. Mai juna biyu, da mai gudan jini a jijiya, da mai na'urar bugun zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda bai daɗe da dashen gwiwa ba, kada su hau sai da izinin likita. Haka in gwiwar ta kumbura ta yi zafi.

Abin da masu gashin ƙashin suka fi nanatawa bai buƙatar wuta: tashi da zama daga kujera sau 10, zagaye 3, ɗaga ƙafa a miƙe ana kwance, da hawa matakala ɗaya a sauko. Ciwon da bai wuce 5 cikin 10 ba ana jure shi, muddin ya lafa cikin awa 24. In ya zarce haka, a rage yawan atisayen amma kada a daina.